Yadda Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa Ke Cinye Hanyoyin Kwalta Da Dukiyar 'Yan Kasuwa

Direbobin manyan motoci da ke jigilar kaya tsakanin Arewa da Kurmi sun san wuraren da hanya ta lalace kamar yunwar cikinsu. Sun san gangaren da tirela ke maƙalewa, sun san kwarin da ake sauka daga kwalta a bi gefe, kuma sun san cewa ko an cike ramukan da rani, kafin damuna ta raba tsakiya za su sake buɗewa a daidai inda suke a bara. Wani lokaci tazarar da ke tsakanin wurin da ya rugurguje da wurin da yake sumul ba ta kai taku ɗari ba, alhali kwalta ɗaya aka zuba, ɗan kwangila ɗaya ya yi aikin, motoci ɗaya ne kuma suke bi ta kai.

Akasarin jama'a kan ɗora laifin a kan ha'incin 'yan kwangila ko nauyin tireloli, kuma ba a rasa gaskiya a cikin zargin. Sai dai injiniyoyin hanya sun daɗe da sanin cewa idan rami ya nace wa wuri guda, to abin da ya kamata a fara bincika shi ne ruwan da ke kwance a ƙarƙashin wurin, wanda ba ya bayyana ga mai wucewa, wanda kuma yakan ci gaba da aikinsa makonni bayan ɗaukewar ruwan sama.

Kwaltar da ake gani baƙa a saman hanya ba ita ke ɗaukar nauyin mota ba. Kaurinta a yawancin hanyoyi bai wuce santimita 4 zuwa 10 ba, kuma kusan kashi 95 cikin ɗari nata tsakuwa ce da yashi da garin dutse, ragowar kashi 5 ɗin ne baƙin man da ke liƙe su wuri ɗaya. A ƙarƙashinta akwai shimfiɗar fasasshen dutse, a ƙarƙashin wannan akwai marmara da aka daddale da rola, sa'an nan can ƙasa akwai ƙasar asali ta wurin. Kowace shimfiɗa tana karɓar nauyin taya ta baza shi, ta miƙa wa ta ƙasa da ita, har ya isa ga ƙasar asali ya riga ya yi sauƙi. Aikin kwalta shi ne ta zama rufi, kamar yadda kwano yake kare ginin ƙasa daga ruwa. In ƙasan ya yi laushi, kwaltar ba ta da abin da za ta yi illa ta lanƙwasa tare da shi.

Wannan ba sabon ilmi ba ne. John McAdam, mutumin Sikotilan da ya rasu a 1836, wanda ya kawo tsarin shimfiɗa hanya da ƙananan duwatsu a Ingila, ya kafa dukan aikinsa a kan cewa ƙasar asali ita ce mai ɗaukar kaya, kuma za ta ɗauka muddin an bar ta a bushe. Kusan shekaru ɗari biyu bayan rasuwarsa, injunan aiki sun canza, amma sharaɗin yana nan yadda ya bar shi.

Duk wanda ya taɓa haƙa rijiya ya san abin da ake nufi da matakin ruwan ƙasa. A wasu sassan Arewa sai an nutsa gaba goma ko fiye kafin a cim ma ruwa. A Apapa da ke Ikko, ko a ƙauyukan yankin Neja-Delta, mai haƙa kan tarar da shi kafin ramin ya kai masa ƙirji, da damuna kuwa yakan taso har ya kusa fuskar ƙasa. Ikko tana samun ruwan sama fiye da milimita 1,500 a shekara, Fatakwal fiye da 2,000, alhali Kano ba ta cika kaiwa 1,000 ba. Saboda haka hanyar da aka zana da awo ɗaya za ta iya shekara ashirin a tudun Katsina, ta kuma kasa shekara biyar a fadamar Jihar Ribas.

Ba lallai ne ruwan ya taɓa shimfiɗun hanya kai tsaye ba. Ƙasa mai laushi tana zuƙo ruwa zuwa sama kamar yadda lagwani ke zuƙo kananzir daga gindin fitila. A cikin yashi mai gautsi hawan ba ya wuce 'yan santimita, amma a cikin laka da yumɓu yakan kai mita ɗaya ko fiye. A fili, rana da iska sukan busar da wannan damshi da zarar ya iso sama. A ƙarƙashin hanya kuwa kwalta ta toshe masa mafita, sai ya taru, kamar yadda ake ɗaga tabarmar roba da ta kwana a ƙasa a tarar da wurin a jiƙe. Wannan ne ya sa ƙa'idar aikin ta nemi a ɗaga gadon hanya da aƙalla kimanin mita ɗaya sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa a lokacin da ya fi cika.

Akwai kuma wuraren da hanya ta ratsa tudu, inda aka yanka shi domin rage hawa. Yankan kan katse jijiyar ruwa da ke bi ta cikin tudun, sai ta riƙa tsattsafowa a gindin hanya dare da rana. A cikin birane, fasasshen bututun ruwan famfo da lambatun da ya toshe da shara da ledojin ruwa suna yin irin wannan ɓarna, domin ruwan da ya kwanta a gefen titi yana ratsawa ta kafaɗar hanya ya shige ƙarƙashinta.

Da zarar damshi ya zauna, ɓarnar takan zo ta fuskoki da dama, kuma kowace tana taimakon 'yar'uwarta.

Ta farko ita ce raunin ƙasa. Marmara busasshiya da aka daddale tana da tauri kamar daɓe, amma in ta sha ruwa, musamman wadda yumɓu ya yi wa yawa, sai ƙarfinta ya ragu matuƙa. Domin haka ne gwajin ƙarfin ƙasa da aka fi amfani da shi a duniya, wanda hukumar hanyoyi ta Jihar Kalifoniya a Amurka ta ƙirƙiro wajen shekarun 1930, ya tanadi a jiƙa samfurin ƙasar a ruwa har kwana huɗu kafin a danna shi da inji. Manufar ita ce a ga yadda ƙasar za ta kasance a mafi munin hali. Ɗan kwangilar da ya gwada ƙasarsa a bushe kurum ya yaudari mai aikin, ya kuma yaudari kansa.

Ta biyu ita ce wadda ma'aikatan hanya ke kira famfo. Ruwa ba ya matsuwa. Idan tayar tirela ta danna kwalta a kan shimfiɗar da ta cika da ruwa, ruwan yakan nemi mafita da ƙarfi, ya fito ta tsagar da ta fi kusa, ɗauke da garin ƙasa. Taya na wucewa kwaltar ta koma, ta zuƙi wani ruwan. A hanyar da dubban motoci ke bi a yini, wannan na faruwa sau dubbai, kuma kowane karo ana ɗebe wani abu daga ƙarƙashin kwaltar, har a bar kogo. Alamarsa a bayyane take ga mai lura: jan tabo ko farin gari da ke kwance a bakin tsaga a kan baƙar kwalta, kwanaki bayan ruwan sama na ƙarshe.

Ta uku tana faruwa a cikin jikin kwaltar kanta. Dutse ya fi son ruwa bisa ga mai, don haka in damshi ya daɗe, yakan kutsa tsakanin tsakuwa da baƙin man da ya lulluɓe ta, ya saɓule shi kamar riga. Dutsen ƙanƙara, wanda shi ne akasarin abin da ake fasawa a wuraren fasa dutse na Abekuta da Badun da Abuja, ya fi saurin sakin mai bisa ga farar ƙasa. Irin wannan lalacewa daga ƙasa take farawa ta yi sama, ta yadda fuskar hanya kan yi kyau a ido alhali cikinta ya zama ɓarɓashi. Maganinta sananne ne kuma mai araha, wato a zuba ɗan garin farar ƙasa da aka sarrafa, kimanin kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, lokacin da ake haɗa kwaltar.

Daga nan abin da ya rage kowa ya san shi. Sawun taya yakan lotsa ya zama kwari biyu a jere. Sai tsagogi su bayyana a sarƙe da juna kamar fatar kada. Ruwan sama ya samu ƙofa ta sama, ya haɗu da na ƙasa. Wata rana tayar mota ta ɗauke ɓallin farko, rami ya haihu.

A wasu yankuna ƙasar ce da kanta take motsi. Baƙar ƙasar firgi ta yankin Tafkin Chadi, wajen Dikwa da Ngala, da wasu nau'o'in yumɓu na kwarin Binuwai da kewayen Abakaliki, suna kumbura in sun sha ruwa, su tsuke su dare in sun bushe. Hanyar da aka ɗora a kansu tana hawa da sauka kowace shekara ko da babu motar da ta bi ta.

Nauyin kaya shi ne abokin aikin ruwa. Babban gwajin hanyoyi da aka gudanar a Jihar Ilinoi ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan aksil ɗaya sau biyu, ɓarnar da yake yi wa hanya ba ninki biyu take yi ba, kusan ninki goma sha shida take yi. Ƙa'idar ƙungiyar ECOWAS ta ƙayyade tan 11.5 a kan aksil guda, amma duk wanda ya tsaya a bakin hanyar Ikko zuwa Badun ya ga yadda ake lafta wa tireloli siminti da rodi da hatsi ya san cewa ƙa'idar ta fi zama a takarda. Tun da jirgin ƙasa ya daina ɗaukar kaso mai tsoka na kayan ƙasar, bututun man fetur kuma suka yi ta samun matsala, kusan komai ya koma kan taya. Mai tirelar da ya ƙara tan goma a kan lodinsa yana ganin ya ci riba a tafiya ɗaya, amma in hanyar a jiƙe take a ƙasa, shi da 'yan'uwansa ne za su biya a gareji.

Babu inda wannan haɗuwa ta ruwa da nauyi ta fito fili kamar Apapa. Unguwar tana zaune ne a ƙasa mai fadama a bakin ruwa, kuma ta nan ne kaso mafi girma na kayan da ake shigowa da su Nijeriya ta teku ke fita, daga tashar Apapa da ta Tin Can wadda aka buɗe a 1977. Ga kuma rumbunan man fetur da ke jawo tankoki daga kowane lungu na ƙasar. Hanyar Apapa zuwa Oshodi, wadda aka gina a shekarun 1970, ta sha faci ba adadi, har ta kai a tsakanin 2017 da 2019 ramukanta sun zama tafkuna, kwantenoni suna kifewa, motoci suna shafe kwanaki a layi kafin su shiga tasha. Kuɗin ɗauko kwantena ya yi tashin gwauron zabo, kuɗin jinkiri da kamfanonin jiragen ruwa ke caji ya taru, kuma ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Kasuwar Singa da ke jiran kayansa a Kano ya biya rabonsa ba tare da ya taɓa ganin ramin ba.

A ƙarshe kankare aka koma wa. A 2017 kamfanin Ɗangote da na Flour Mills da Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa suka haɗa kuɗi sama da Naira miliyan dubu 4 domin sake gina kimanin kilomita 2 na titin Wharf, kana a ƙarshen 2018 aka ƙaddamar da sake gina hanyar Apapa zuwa Oshodi har Oworonshoki da kankare, a ƙarƙashin tsarin da kamfani ke yin aikin hanya a cire masa kuɗin daga harajinsa. Abin da ba a cika ambata ba shi ne cewa wani muhimmin ɓangare na aikin a ƙarƙashin ƙasa aka yi shi, wato kwashe ruɓaɓɓiyar laka, cikawa da yashi da dutse, da gina manyan magudanan ruwa.

Hanyar Gabas zuwa Yamma, wadda ta tashi daga Warri ta bi ta Fatakwal zuwa Oron, ita ma darasi ce. An ba da kwangilar mai da ita tagwaye a 2006, kuma dogon sashe nata yana ratsa fadama da rafuka inda ƙasar asali laka ce mai taushi, wadda sai an yi mata tulin yashi kafin ta ɗauki ko da motar aiki. A ambaliyar watan Oktoba na 2022 ruwa ya yanke ta a wasu wurare, har Jihar Bayelsa ta shafe kwanaki ba a shiga ba a fita ta mota. Ambaliya dai ruwan sama ce da kowa ke gani, amma gadon hanyar da ya riga ya jiƙe daga ƙasa shi ne ya fi saurin zaizayewa in ta zo, kuma ko bayan ta janye, yakan ɗauki lokaci kafin ya dawo da ƙarfinsa. Sakin manyan motoci a kan hanya washegarin janyewar ambaliya yana iya yin ɓarnar da ruwan kansa bai yi ba.

Lissafin asarar ya fi yi wa 'yan gwari da fataken dabbobi ciwo. Tumatirin da aka loda a Kwanar Gafan ko albasar Aliyaro da ke kan hanyar kasuwar Mile 12 a Ikko, tafiyar kilomita dubu ko fiye, ba su da haƙurin kwana biyu a bayan motar da ta kafe a taɓo. Shanun da aka ɗauko daga Potiskum ko Maigatari suna ramewa a tsaye, wasu su faɗi a yanka su a bakin hanya a sayar da arha. Mai mota kuma yana biya ta hanyar taya da sifirin da man dizal da ake ƙonawa a ƙaramin giya, sa'an nan ya ƙara kuɗin a kan kowane kwando da kowane buhu.

Ta fuskar baitulmali ma haka abin yake. Wani rahoto da Bankin Duniya ya fitar a 1988 ya ƙiyasta cewa ƙasashe masu tasowa 85 sun yi asarar hanyoyin da darajarsu ta kai Dala miliyan dubu 45 a cikin shekaru ashirin, asarar da gyaran rigakafi na ƙasa da Dala miliyan dubu 12 zai iya hanawa. A Nijeriya an kafa Asusun Rarar Man Fetur na PTF a 1994, ya gyara hanyoyi da dama kafin a rushe shi a 1999, kana aka kafa hukumar FERMA a 2002 domin kula da hanyoyin Tarayya. Hukumomi sun zo sun wuce, amma ɗabi'ar da ta fi wuyar sauyawa ita ce ta fifita abin da ido ke gani. Sabuwar kwalta tana ɗaukar hoto ranar buɗe hanya. Bututun da aka binne mita ɗaya da rabi a ƙasa ba ya fitowa a hoton, don haka in kuɗin aiki ya gaza, shi ake fara yankewa.

Alhali magungunan ba boyayyu ba ne. A wuri mai fadama ana ɗaga gadon hanya. Ana shimfiɗa yashi mai gautsi ko tsakuwa tsakanin laka da marmara domin katse hawan damshi. Ana haƙa rami a gefen hanya wanda ya fi shimfiɗunta zurfi, a kwantar da bututu mai huji a lulluɓe shi da tsakuwa da wani yadi na roba mai tace ƙasa, domin ya janye ruwa ya kai shi rafi. Ana gauraya yumɓu da siminti ko farar ƙasa domin rage masa shan ruwa. Ana ba fuskar hanya ɗan gangare zuwa gefe, kimanin kashi 2.5 cikin ɗari, a kuma toshe tsagogi da narkakken mai kafin saukar damuna. Mafi arha duka shi ne yashe lambatu da kwalbati, aikin da lebura da shebur ke iya yi.

Tun daga 2023, lokacin da Injiniya David Umahi ya karɓi Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ya kuma karkata ga gina hanyoyi da kankare, muhawara ta yi zafi tsakanin masu goyon bayan siminti da masu goyon bayan kwalta. Kankare yana da hujjoji masu ƙarfi: yana baza nauyi fiye da kwalta, man dizal da ke zuba daga tankoki ba ya narkar da shi, kuma ana yin siminti a gida alhali baƙin man kwalta shigo da shi ake yi, duk da tarin da ke kwance a ƙasa a Agbabu ta Jihar Ondo. Amma kankare ba ya kashe ruwa. Famfon da aka bayyana a sama yana faruwa a mahaɗar falankin kankare kamar yadda yake faruwa a tsagar kwalta, kuma in ƙasa ta zube a ƙarƙashin falanki, yakan karye, gyaransa kuwa ya fi na kwalta tsada da ɗaukar lokaci. Wanda ya zuba kankare a kan fadama ba tare da magudana ba ya ƙara tsadar asararsa ne kurum.

Batun bai tsaya ga gwamnati ba. 'Yan kasuwa da dama suna zuba kwalta ko bulo a harabar gidan mai, da filin sito, da garejin tireloli, da hanyar shiga masana'anta, musamman a Ikko da Ogun da Fatakwal inda filin da ya rage da sauƙin kuɗi galibi fadama ce da aka cike. Injiniyoyi kan ba da shawarar a haƙa ramin gwaji mai zurfin mita biyu a bar shi ya kwana, a ga inda ruwa zai tsaya, kuma a yi haka a ƙarshen damuna, wajen Satumba ko Oktoba, ba a watan Maris ba lokacin da ko fadama tana kama da tudu. Kachala ko wata ciyawar ruwa da ta yi kore shar da rani shaida ce da ba ta bukatar awo.

Akwai kuma sharaɗin kwangila. Bisa al'ada ɗan kwangila yana ɗaukar alhakin gyaran aikinsa na tsawon shekara ɗaya bayan miƙa shi, wato damuna ɗaya tak. Ɓarnar ruwan ƙasa kuwa sau da yawa sai a damuna ta biyu ko ta uku take fitowa, lokacin da an riga an biya ragowar kuɗin an kuma janye injuna. Mai aikin da ya san haka yana iya neman a tsawaita wa'adin zuwa damuna biyu, ya riƙe wani kaso na kuɗin har zuwa lokacin, ya kuma tura wakilinsa ya tsaya a wurin ranar da za a binne bututun magudana, tun kafin gireda ta rufe shi da ƙasa.